Asalin Karatun Daren Jarrabawa

Duk shekara in watan Mayu ya kama, ɗaliban sakandare a Amurka kan zauna jarrabawar AP ta ilimin halayyar ɗan Adam, wadda hukumar College Board ta fara shiryawa a 1992. Da yawansu sai lokaci ya ƙure suke buɗe littafi, a kwana ana haddar sassan ƙwaƙwalwa da sunayen su Pavlov da Piaget, ga kofi a gefe, idanu sun yi jawur. Manya kan ce lalacin yaran zamani ne, amma tarihi bai goyi bayansu ba. Wannan ɗabi'a ta girmi talabijin da wayar hannu, kuma takan tsiro ne duk inda aka rataya makomar mutum a kan takardar rana ɗaya.

A ƙasar Sin an shafe fiye da shekara dubu ana ɗaukar ma'aikatan sarki ta hanyar rubutacciyar jarrabawa, kafin a soke ta a 1905. Masu ɗab'i sun riƙa sayar da tarin amsoshin waɗanda suka ci, masu nema suna haddace su, har da littattafai 'yan mitsi-mitsi da ake ɓoyewa cikin tufafi. A Ingila kuwa, da aka buɗe gasar shiga aikin mulkin Indiya a 1855, sai wata sana'a ta bunƙasa a Landan: gidajen da ba su da aiki sai ɗura wa matasa abin da ake tsammanin zai fito. Na Walter Wren ya fi shahara, kuma ɗalibansa sun riƙa kwashe kaso mai tsoka na guraben. Daga wannan tsatson na Ingila jarrabawarmu ta fito. An kafa WAEC a 1952, JAMB ta biyo baya a 1978, darasin yamma da tarin tsofaffin tambayoyi kuma suka bi sahu.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, fannin da yaran nan suke kwana a kansa shi ne ya fara auna illar abin da suke yi. A 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa, inda ya haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana. Ya ga mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan karatu. Ya kuma ga maimaici 38 da aka rarraba cikin kwana uku ya yi aikin maimaici 68 na zama ɗaya. A 1924 Jenkins da Dallenbach suka nuna a jami'ar Cornell cewa wanda ya yi barci bayan karatu ya fi riƙe shi a kan wanda ya zauna ido biyu. Ke nan mai kwanan zaune ya yi asara biyu.

Wani zai ce ai ana cin jarrabawa da kwanan zaune. Gaskiya ne, kuma bai kamata a ɓoye ba. Gwajin Roediger da Karpicke na 2006 ya nuna masu maimaita karatu sun fi tunawa bayan minti biyar, amma bayan mako ɗaya waɗanda suka riƙa gwada kansu ba tare da duba takarda ba ne suka yi gaba. Saboda haka yaron bai yi wauta ba, lissafinsa daidai ne in gobe kawai ake nufi. Wani kuma zai ce ai mu ma hadda muka gada. Sai dai haddar tsangaya daban take: almajiri ba ya wanke allo sai ya biya a gaban malam, kuma gardi yakan koma baya yana tilawa shekara da shekaru don kada abin ya kuɓuce. Wannan rarrabawa ce da gwada kai, ba ɗurar dare ɗaya ba.

Laifin ya fi karkata ga tsarin da ke tara komai a ƙarshen zango. Malamai su rarraba ƙananan gwaje-gwaje tun makon farko, su riƙa dawo da tambayoyin darussan baya, hukumomi kuma su ba aikin aji nauyin da ya dace a sakamako.