Jarrabawar Ta Dawo, Yaran Ne Ba Su Dawo Duka Ba

Duk wanda ya haifi ɗa tsakanin 1995 da 2003 a nan Kasuwar Shanu, ya kuma sa shi boko, ya san wani irin zaman jira da iyayen da suka gabace shi ba su sani ba. A da lissafin a bayyane yake. Yaro ya kai ajin ƙarshe na sakandare, a biya kuɗin WAEC, in da hali a haɗa da NECO, ya zauna jarrabawa daga bazara zuwa farkon damina, kafin kaka sakamako ya fito. In ya samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, sai a fuskanci JAMB da Jami'ar Maiduguri ko Kwalejin Ramat. In bai samu ba, a sake. Tun 1952 da aka kafa WAEC, da 1999 da aka kafa NECO, haka abin ke tafiya kamar ranar kasuwa. To, a cikin shekara goma sha biyu, daga 2013 zuwa 2024, sau uku wannan lissafi yana wargajewa a hannunmu.

Akwai abin da ya kamata a faɗa tun farko, don mutane na yawan cewa "shekarar da aka soke jarrabawa". Gaskiyar magana ba a taɓa soke ta ɗungurungum ba a duk waɗannan shekaru. Ɗagawa aka yi, ko aka canja wuri, ko aka rufe makarantar da za ta kai yaro ga jarrabawar. Kowace shekara takardun sun zo, an rubuta, an yi maki. Abin da ya salwanta yana cikin watannin da ke tsakani, lokacin da uba bai san ko za a yi ba, ɗa kuma ya gaji da tambaya.

Na farkon shi ya fi muni, kuma shi ya fi daɗewa. A ranar 14 ga Mayu 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, daidai lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke tsakiyar WAEC. Aka datse layukan waya, aka yi watanni ba sabis. Wanda bai zauna Maiduguri a lokacin ba zai ɗauka rashin gaisawa ne kawai matsalar. Ina! Rajistar jarrabawa da duba sakamako da neman gurbin jami'a duk sun riga sun koma intanet. Ga kati ka saya, ga lambar jarrabawa a hannu, amma sai ka nemi mai tafiya wata jiha ka ba shi amana ya duba maka. A watan Yunin wannan shekara 'yan bindiga suka shiga makarantar Ansarudeen da ke Jajeri, cikin garin nan, suka buɗe wa ɗalibai wuta suna kan rubuta jarrabawa, tara suka rasu. A watan Yuli aka yi ta Mamudo a Yobe, a Satumba aka yi ta Kwalejin Noma ta Gujba, sannan a ranar 25 ga Fabrairu 2014 aka yi ta Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi, inda aka kashe yara maza a ɗakunan kwanansu. Allah Ya ji ƙansu.

Bayan Buni Yadi ne gwamnatin Kashim Shettima ta rufe makarantun sakandaren gwamnati a Borno, a watan Maris 2014, saura 'yan makonni a fara WAEC. 'Yan ajin ƙarshe kaɗai aka bari su dawo su rubuta. Abin da ya tara 'yan matan Chibok a makaranta ke nan a daren 14 ga Afrilu, daren da aka kwashe 276 daga cikinsu. Daga baya hukumar WAEC ta ce ta ba da shawarar a kwaso ɗaliban ƙananan hukumomi a kawo su inda ya fi tsaro, aka yi ta jayayya tsakaninta da gwamnatin jiha kan wa ya ce me. Iyaye dai ba su jira ƙarshen jayayyar ba. Daga wannan dare, uwa da yawa a unguwar nan ta ɗauki zauren jarrabawa a matsayin wurin da ake tara yara a kai musu hari, kuma wa zai ce mata ba ta da hujja?

Duniya ta san labarin Chibok. Wanda ba a cika bayarwa ba shi ne na 'yan aji huɗu da aji biyar na wannan shekara, waɗanda aka ce su je gida sai an neme su. Kafin ƙarshen 2014, da garuruwa irin su Bama da Gwoza suka faɗa hannun 'yan ta'adda, jama'a suka kwararo Maiduguri, makarantun da aka rufe su suka zama sansanonin gudun hijira: Kwalejin Gwamnati ta Maiduguri, makarantar 'yan mata ta Yerwa, Kwalejin Horon Malamai Mata, Kwalejin Horon Malaman Larabci, da Sanda Kyarimi. Ajin da ɗanka ke zama ya koma ɗakin kwanan iyali uku. Ba wanda zai ce a kori mutanen da suka tsira da rigar jikinsu, amma hakan na nufin ba ranar komawa. Sai a 2016, bayan an kwashe 'yan gudun hijira zuwa sansanoni irin su Bakasi da Dalori, akasarin waɗannan makarantu suka sake buɗewa. Sama da shekara biyu ke nan.

A nan ne gidaje suka rarrabu, kuma aljihu ne ya raba su. Makarantun kuɗi da yawa a cikin gari ba su rufe ba, saboda haka babban dillali ko mai tirela ya mayar da ɗansa can, magana ta ƙare. Wasu kuma suka yi amfani da abin da mu Hausawan unguwar nan muke da shi wanda maƙwabtanmu da yawa ba su da shi, wato asali a yamma. Mai ƙane a Kano, mai 'yar'uwa a Haɗeja ko Azare ko Zariya, sai ya ɗaura wa yaro kaya ya tura shi riƙo. Wannan ma da zuciya a hannu aka yi shi, don hanyar Damaturu ce kaɗai mafita, ita ce kuma hanyar da aka tare matafiya a Benishek a watan Satumba 2013 aka yi musu kisan gilla. Sannan riƙo ba wasa ba ne. Yaron da ya tashi a Yerwa, Hausarsa da gamin Kanuri da Larabcin Shuwa, ya je gidan da shi ne na goma sha biyu a kwano, makarantar kuma ta ce sai ya maimaita aji don ba shi da takardar canjin makaranta. Wa zai sa masa hannu, alhali ofishin shugaban makarantarsu ya zama wurin rabon abinci?

Mafi yawa kuwa ba su je ko'ina ba. Suna nan, kuma kasuwa na bakin ƙofa. Wannan ita ce ni'imar unguwarmu, ita ce kuma tarkonta. Yaro ɗan shekara goma sha shida zai iya fita da safe ya kama igiya, ya taya lodin shanu a tirelar da za ta kudu, ya yi wa dillali aike, ko ya shiga kwata wajen mahauta, ya dawo da yamma da abin cefane. Tun da aka hana acaɓa a 2011, Keke ma ta buɗe wata ƙofar. Wasu suka shiga 'yan ƙato da gora da suka taso a 2013, suna tsaron shingaye da sanda a shekarun da ya kamata su riƙe biro. Ni ban ga laifin uban da ya ce wa ɗansa ya fita nema maimakon zaman banza ba. Zaman majalisa a Maidugurin wancan lokaci haɗari ne da kansa, ko ta wajen masu farautar yara su ja su daji, ko ta wajen kame. Sai dai yaron da ya saba jin ɗumin la'ada a aljihu shekara biyu, da wuya ka mayar da shi benci ya zauna da ƙannensa. Abin takaici kuma, ita kanta kasuwar ba ta tsira ba. An tayar da bam a wajen kwata a watan Yuni 2015, sannan a farkon 2016 aka dakatar da cinikin shanu bisa zargin ana shigo da na sata. Wanda ya bar boko don kasuwa ya wayi gari ba boko ba kasuwa.

Na 'yan mata ya fi saurin yankewa. Yarinya tana gida ba ranar komawa makaranta, ga manema suna sallama, ga gari ba lafiya, sai iyaye su ga rufin asiri shi ne a ɗaura. Sau da yawa akan yi alkawari wajen neman aure cewa in an buɗe za ta ci gaba. Alkawarin baki ne, kuma kowa a unguwar nan zai iya ƙirga da yatsun hannu gidajen da aka cika shi.

Na biyu ya zo a 2020, kuma wannan karon abin da ya ci Doma bai bar Awe ba, duniya duka ya shafa. A watan Maris aka rufe makarantu saboda korona, WAEC ta ɗage jarrabawar da za a fara ranar 6 ga Afrilu ba tare da sa wata rana ba. Aka yi azumi, aka yi ƙaramar Sallah, shiru. Aka ce za a fara 4 ga Agusta. Ana cikin shiri, ranar 8 ga Yuli Ministan Ilimi Adamu Adamu ya fito ya ce makarantun gwamnatin tarayya ba za su shiga jarrabawar ba, gara yara su rasa shekara guda da a jefa su cikin haɗari, ya kuma nemi jihohi su sake tunani. Wannan ita ce ranar da iyaye da yawa suka ɗauka an soke WAEC ta bana. Ta leƙo ta koma.

Ku duba kwanan watan da kyau, don a nan unguwarmu ta bambanta da sauran wurare. Babbar Sallah ta kama 31 ga Yuli a wannan shekara. Watan Yuli kuwa shi ne kakar raguna, lokacin da duk mai ƙafa biyu a Kasuwar Shanu yake cikin turke daga asuba zuwa isha. Da aka ji maganar minista, littafi ya koma ƙarƙashin katifa, yara suka fita neman na Sallah. Sai ga sanarwa ranar 27 ga Yuli, saura kwana huɗu Sallah: 'yan ajin ƙarshe su koma makaranta 4 ga Agusta, jarrabawa 17 ga Agusta. Mako biyu na bita bayan wata huɗu da ɗoriya a gida. An yi ta koyar da darussa ta rediyo, ba a musa ba, amma wanda ke riƙe da rago yana ciniki ba ya jin rediyo.

A wannan rana ta 17 ga Agusta da yaranmu suka shiga zaure da takunkumi a fuska, a Ingila gwamnati ke janye matakinta kan nata rikicin. Su can soke jarrabawar suka yi gaba ɗaya tun watan Maris, suka sa kwamfuta ta daidaita makin da malamai suka ba ɗalibai. Da sakamako ya fito aka ga an rage kusan kashi 40 cikin 100 na makin, kuma 'ya'yan unguwannin talakawa ne abin ya fi dannewa, sai aka yi ta zanga-zanga har aka koma kan makin malamai. Masu cewa da ma haka aka yi mana su tuna cewa wannan tsari na buƙatar makarantar da ke da rajistar makin yaro na shekaru a ajiye. 'Yan ajin ƙarshe na 2020 a Borno su ne waɗanda rufewar 2014 ta kama suna bakin shiga sakandare. Da wace rajista za a auna su?

An gama WAEC a Satumba, kuma a wannan shekara ce aka sake rubuta ta a garin Chibok karo na farko tun 2014. NECO ta fara a Oktoba, zanga-zangar EndSARS ta tsayar da ita, sai a Nuwamba aka ƙarasa. Sakamakon WAEC ya fito 2 ga Nuwamba, kusan kashi 65 cikin 100 a faɗin ƙasa suka samu kiredit biyar da Turanci da Lissafi. Adadin ya yi kyau, amma waɗanda suka zauna kaɗai yake ƙirgawa. Su ma da suka ci ɗin jiran gawon shanu suka shiga, don malaman jami'a na yajin aiki tun Maris har ƙarshen Disamba, kuma makin JAMB shekara ɗaya yake yi.

Na uku bai taɓa ranar jarrabawa ba, takardun ya ci. Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, kamar yadda ta yi a 1994, ruwa ya shanye Gwange da Gamboru da Kwastam da wajajenmu. An riga an gama WAEC da NECO, amma lokacin neman gurbin karatu ne, lokacin da ake cewa kawo wannan kawo wancan. Mutane sun fita da yara a kafaɗa, ba wanda ya tsaya neman jakar takardu. Da ruwa ya janye, an ga satifiket a shanye a kan katanga tare da katifu, tawada ta zube, hoto ya goge. Wasu daga cikin takardun nan na waɗancan yaran ne da aka tura Kano da Azare a 2014.

A kan wannan aƙalla akwai mafita. Tun 2022 WAEC ta buɗe hanyar ciro satifiket ta intanet ga duk wanda ya rubuta daga 1999 zuwa yau, tana kuma ba da takardar tabbatar da sakamako ga wanda nasa ya ɓata. Abin da za a fara tambayarka shi ne lambar jarrabawa da shekarar da aka rubuta, kuma tsohuwar makarantar yaro kan samu lambar a jerin sunayenta in an bi sawu.

Su kuwa 'yan 2014 da ba su taɓa zama ba, yanzu sun doshi shekara talatin, wasu da 'ya'ya a firamare. Ba wata hukuma da ta san adadinsu a unguwar nan, amma bulama da limaman masallatai da shugabannin dillalai sun san su gida-gida. Jarrabawar 'yan waje ta WAEC, wadda muka fi sani da GCE, ba ta tambayar makaranta, ba ta kuma hana babba. Ana yin ta a ƙarshen shekara, tun 2018 kuma an ƙara wani zagaye a farkon shekara. NECO ma na da tata, kuma makarantun gaba da sakandare da yawa na karɓar sakamakon zama biyu a haɗe. Rajistar ana yin ta a kafe, da hoto da yatsa da lambar NIN.