Lissafin na'ura da kututturen gawo

Tun ina lise nake jin ana cewa makiyaya ne suka jawo mana hamada. Da na bi sawun zancen, sai na iske wani ɓangarensa daga cikin kwamfuta ya fito.

A 1975, bayan farin da ya ƙarar da dabbobin Sahel har ya taimaka wajen faɗuwar gwamnatin Diori Hamani a 1974, wani masanin Amurka, Jule Charney, ya kawo hasashensa: in dabbobi suka cinye ciyawa, ƙasa ta yi fari fat, sai ta mayar da hasken rana sama, hadari ya ƙi haɗuwa. An gwada cikin na'ura, lissafi ya zauna, masu ɗora wa makiyayi laifi suka samu hujja. Sai a 1986 masanan Ingila, sannan Alessandra Giannini da abokan aikinta a 2003, suka nuna cewa sauyin zafin ruwan teku ne babban dalilin farin. To, wa zai ba Bafillace haƙuri?

Ta fannin tattalin arziki ma haka ne. William Nordhaus, mai samfurin DICE wanda ya samu kyautar Nobel a 2018, ya lissafa a 1991 cewa ayyukan da ɗumamar yanayi za ta taɓa sosai, irin su noma, kusan kashi 3 cikin 100 ne na arzikin Amurka. Mu nan Nijar noma da kiwo sun kai wajen kashi 40. In ka auna duniya da mudun Amurka, yunwar Dakoro ba ta ma bayyana.

Sannan ga rigimarsa da Nicholas Stern, wanda rahotonsa na 2006 ya ce a kashe kuɗi yanzu-yanzu, shi kuwa Nordhaus ya ce a bi a hankali. Babban saɓaninsu kan lamba guda ne: nawa asarar jikoki take a kuɗin yau? Ai wannan tambayar adalci ce, na'ura ba ta amsa ta.

Bayan yunwar El Buhari ta 1984, manoman Maradi da Damagaram suka rungumi sassabin zamani, suna barin tohon kututture ya girma cikin gona. An ƙiyasta hekta miliyan 5 suka farfaɗo. Ba daga lissafin kowa dabarar ta fito ba.

Ban ce a jefar da samfuran ba. Hasashen damina na cibiyar AGRHYMET ta Yamai yana da amfani ƙwarai. Amma in an kawo wa minista lamba, ya fara tambaya: me aka zuba ciki, su wa aka bari waje?