Tarihin Gyaran Hanci: Daga Ganyen Sushruta Zuwa Ɗakin Tiyata

Kwanan baya a wani taron suna a nan unguwa na iske wata kaka tana yi wa jaririya wanka, tana sa yatsu biyu da ruwan ɗumi tana jan hancin sama, wai don kada ya baje. 'Yan matan da ke gefe suka yi ta dariya, ɗaya ta ce, "Iya, ki huta, yanzu likita ke yi." Iya ta ɗago kai ta ce, "To shi likitan wa ya koya masa?" Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Da yawanmu muna zaton aikin gyaran hanci sabon yayi ne na 'yan fim da mawaƙa. Ba haka ba ne. Tsohon aiki ne ƙwarai, kuma ba don ado aka fara shi ba.

A tsohuwar Masar akwai wata takardar likitanci da aka rubuta wajen shekara ta 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wadda yau ake kira takardar Edwin Smith. A cikinta an bayyana yadda ake ɗora karyayyen hanci: a share jinin, a mayar da ƙashin mazauninsa, a cusa nannaɗen ƙyalle a kafofin biyu. Wannan ɗori ne kawai. Gina sabon hanci bayan ya tafi gaba ɗaya kuwa, a Indiya aka fara rubuta shi.

Dalili kuwa shi ne, a can yanke hanci hukunci ne. Ana yi wa ɓarawo, ana yi wa wadda aka zarga da zina, ana yi wa wanda aka kama a yaƙi. Ba a kashe ka ba, amma an kashe ka a idon jama'a, domin tabon da ke tsakiyar fuska ba ya ɓoyuwa a cikin riga. Har Rumawa ma sun san wannan. A shekarar 695 aka tuɓe Sarki Justinian na Biyu, aka yanke masa hanci don kada ya sake hawa gado, ko da yake ya dawo mulki a 705.

Littafin Sushruta, wani malamin tiyata da ake dangantawa da birnin Banaras, shi ya bayyana dabarar. Likita zai sami ganye ya auna girman wurin da aka yanke, ya ɗora ganyen a kunci, ya yanko fata daidai girmansa amma ya bar gefe ɗaya a manne. Sai ya kankare bakin tsohon tabon har ya yi jini, ya juyo fatar ya ɗinke, ya sa kara biyu masu rami don numfashi. Asirin duk yana wajen gefen nan da aka bari a manne: ta nan jini ke ciyar da fatar har ta kama a sabon wurinta. In an yi gaggawar raba ta, sai ta yi baƙi ta mutu. An fassara littafin zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Abbasiyawa.

Mu Musulmi muna da namu labarin. Sahabi Arfajatu ɗan As'ad ya rasa hancinsa a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa, ya yi masa wari, sai Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito shi. Ka duba, mai karatu, zinariyar da aka haramta wa maza, an halatta ta saboda a rufa wa mutum asirin fuskarsa.

A Turai, wasu iyali da ake kira Branca a tsibirin Sisili sun yi suna da wannan aiki a ƙarni na 15. Sannan a 1597 Gaspare Tagliacozzi, malami a jami'ar Bologna ta Italiya, ya buga littafi a kai. Shi daga dantse yake ɗauko fata. Za a ɗaga hannun majinyaci a ɗaure shi da kansa da wata riga ta ɗamara, dantse manne da fuska, ya zauna haka kusan mako uku. Haka zai ci, haka zai kwana, ba maganin barci, ba maganin kashe ƙwayar cuta. Kai, wanda ya yarda da wannan wahala, ka san abin da yake gudu ya fi ta zafi. Bayan rasuwar Tagliacozzi a 1599 aikin ya dushe a Turai wajen shekara 200.

Abin da ya farfaɗo da shi wani matuƙin keken shanu ne mai suna Cowasjee, wanda yake yi wa sojan Ingila aiki a Indiya. A 1792 mutanen Tipu Sultan, sarkin Mysore, suka kama shi suka yanke masa hanci da hannu ɗaya. Ya yi shekara guda a haka, sai wani mutum daga zuriyar masu yin tubali a kusa da Pune ya gina masa sabo. Ya auna da kakin zuma, ya yanko fata daga goshi, ya murɗo ta ƙasa. Likitocin Turawa biyu, Thomas Cruso da James Findlay, sun ga irin wannan aiki da idonsu, aka buga labarin da zane a mujallar Gentleman's Magazine ta Landan a watan Oktoba 1794. Wani likita mai suna Joseph Carpue ya karanta, ya yi ta gwaji a kan gawa, sannan a 1814 ya yi wa wani hafsan soja aikin, aka dace. Wato dai ilimin da Bature ya zo yana alfahari da shi, a hannun ɗan tubali ya tsince shi. Har gobe likitoci na amfani da fatar goshi, suna kiran ta hanyar Indiya.

Duk wannan zamani, wanda ke zuwa wajen likita shi ne wanda takobi, ko tunjere, ko wata cuta ta cinye wa hanci. Mai lafiya ba ya kai kansa ga wuƙa. Abu biyu suka sauya lamarin: maganin sa barci da aka nuna a Boston a 1846, da dabarar tsabtace rauni da Joseph Lister ya bayyana a 1867. Da zafi ya ragu, mutuwa ta ragu, sai ƙofa ta buɗe wa masu neman kyau. A 1887 John Orlando Roe na Rochester a Amurka ya rage hancin mai lafiya ta cikin kafofin, ba tare da tabo a waje ba. A 1898 Jacques Joseph na Barlin ya rage wa wani saurayi hanci saboda tsokanar mutane ta hana shi shiga jama'a. Wasu daga cikin kayan aikin da ake amfani da su yau daga hannun Joseph suka samo asali.

A nan akwai abin lura. Da yawa daga masu zuwa wajen waɗannan likitoci ba ciwo ke damun su ba, gori ne. Bayahude a Jamus da ɗan ci-rani a Amurka suna so su saje, kada hanci ya tona asalinsu. Mu da muke zaune cikin wasu ƙabilu mun san yadda ake auna mutum da fuska kafin ya buɗe baki. Kuma mu ma ba mu tsira ba: wa bai taɓa jin ana yabon amarya da hanci har baka ba, ko ana yi wa yaro gorin nasa?

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya komo da aikin ga asalinsa. Harold Gillies, ɗan New Zealand, ya buɗe asibiti a Sidcup ta Ingila a 1917, inda aka yi wa sojoji fiye da 5,000 gyaran fuska. Irin wannan aiki na ceto yana nan a gida. Cutar noma, wadda wasu ke kira zaizayar baki, tana kama ƙananan yara masu tamowa, ta ci kunci da leɓe da hanci cikin 'yan kwanaki. A Sakkwato an buɗe asibiti musamman dominta a 1999, kuma a Disamba 2023, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. In ka ga yaro da kumburin dasashi da warin baki, kada ka jira, asibiti za a kai shi.

Wuƙa ta ci gaba, amma abu ɗaya bai sauya ba tun zamanin Sushruta, shi ne jinya. Yau aikin kansa sa'a biyu ne ko uku. Amma za a ɗaure hancin da tsinke na kusan mako guda. Ƙarƙashin ido zai yi duhu wajen mako biyu. Ba fyace majina, ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba gilashi a kan karan hanci na makonni, a kwana kai a sama, mai shan taba ya ajiye ta. Ko sujada sai an tambayi likita da malami yadda za a yi a kwanakin farko. Kumburi kuwa yakan kai shekara kafin ainihin siffar ta bayyana, kuma ga mai fata mai kauri irin tamu yakan fi daɗewa, ga haɗarin tabo mai tasowa. Sau da yawa sai an ɗebo guringuntsi daga kunne ko haƙarƙari don a tayar da karan, ka ga rauni ya zama biyu. Wani kuma sai an sake masa aiki, wani numfashinsa ya toshe. Allurar cika hanci da ake tallatawa a shagunan kwalliya kuwa, in ta shiga jijiyar jini tana iya kashe fata, har ta makantar.

Malamai ma sun rarrabe. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Malesiya a 2007, ta halatta tiyata don gyara naƙasa ko dawo da aikin gaɓa, kamar wanda ya yi haɗari ko aka haifa da tsagin leɓe, ta hana sauya lafiyayyar halitta don son rai da kwaikwayo.

To, 'yan uwa, wanda haɗarin mota ko cuta ta ɓata wa fuska, ya nemi ƙwararren likita ba tare da kunya ba, mu kuma mu taimaka masa da aljihu da addu'a. 'Yarmu da ke kallon madubi tana tsanar hancin da ta gada, kafin mu yi mata faɗa mu tambayi kanmu wa ya fara yi mata gori. Iya ta gama wanka ta naɗe jikarta, ta duba hancin nan ta ce, "Na kakanki ne sak." Allah ya raya ta, ya sa mu dace, amin.