Tarihin Ƙananan Jiragen Jet da Mutanen da Suka Ƙago Su

A ƙasashen Turai da Amurka, da Jafan da wasu sassan Asiya, akwai wata jama'a wadda idan Asabar ko Lahadi ta kewayo takan taru a wani fili mai nisa da gari, galibi tsohon filin jiragen soja da aka daina amfani da shi, kowa ya sauko da jirgin sama daga bayan motarsa, jirgin da tsawonsa bai wuce mita biyu ko uku ba, ya ɗaura masa fukafukai, ya ɗura masa kananzir, sa'an nan ya tsaya a ƙasa da ɗan akwatin rediyo rataye a wuya, ya tashe shi sama da gudun da ya zarce na motocin da ke bisa titi. Cikinsu akwai likita da bakanike da malamin makaranta da tsohon matuƙi. Wanda bai san asalin al'amarin ba zai ɗauka wasan yara ne manya suka karɓe, alhali kuwa injin da ke cikin jirgin nan, wanda mutum zai iya ɗauka da hannu ɗaya, injin jet ne na haƙiƙa, mai aiki bisa ƙa'idar da manyan jiragen fasinja ke aiki da ita, kuma an shafe fiye da shekara ɗari ana ijtihadi kafin a kai gare shi. Galibin waɗanda suka warware mas'alolinsa mutane ne da suka yi aikin da dare a ɗakunan ajiya na gidajensu, da kuɗin aljihunsu, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa na ga ya cancanci a rubuta labarinsu.

Ƙaramin jirgi ya riga babba tashi. A watan Agusta na shekarar 1871 wani saurayi Bafaranshe mai suna Alphonse Pénaud ya kai wani ɗan jirgi lambun Tuileries a birnin Paris, jirgin da ƙarfinsa duka yana cikin zaren roba da aka murɗa, ya sake shi gaban taron masana, ya yi tafiyar kamar mita 40 cikin daƙiƙa 11, bai karkata ba, bai kife ba. Bayan shekara bakwai wani limamin coci a Amurka ya kawo wa 'ya'yansa tsarabar wani abin wasa mai tashi da aka yi bisa fasalin Pénaud, kuma yaran nan biyu, Wilbur da Orville Wright, su ne suka tashi da jirgi mai inji da mutum a ciki a watan Disamba na 1903. Sai dai jirgin Pénaud da ire-irensa, da zarar sun bar hannun mai su, sun fita daga ikonsa ke nan, iska ce ke hukunci a kansu har su faɗo. Saboda haka mas'ala ta farko ita ce ta linzami.

Nikola Tesla ya nuna wa mutanen New York a 1898 cewa ana iya juya ɗan jirgin ruwa da rediyo daga nesa, amma kayan rediyon wancan zamani suna da nauyi, ruwa na iya ɗaukarsu, iska kuwa ba ta iyawa sai da wahala. Waɗanda aka fi jingina wa nasarar farko a wannan fage su ne wasu tagwaye 'yan garin Kalamazoo a jihar Michigan, Walter da William Good, waɗanda Allah ya raba musu baiwa daidai da bukatar aikin, ɗaya gwanin haɗa jirage, ɗaya ma'abocin rediyo mai takardar izini daga hukuma. Daga 1937 suka fara tashin jirginsu mai suna Guff, wanda faɗin fukafukansa ƙafa takwas ne, suka ci gasar ƙasa da shi a 1939 da 1940, suka kuma ci a 1947 bayan an gama yaƙi, kuma har yanzu jirgin yana ajiye a hannun gidan tarihi na Smithsonian. Shekara guda kafin tashinsu na farko, watau 1936, aka kafa ƙungiyar masu ƙananan jirage ta Amurka, wadda aka fi sani da AMA, wadda hedkwatarta ke garin Muncie a yau.

Ya kamata mai karatu ya san irin haƙurin mutanen wancan lokaci. Galibin jiragen shekarun 1950 maɓalli ɗaya ne tak ke sarrafa su, kuma abin da yake motsawa jelar jirgi ce kaɗai. A cikin jirgin akwai zaren roba da ake murɗawa kafin tashi, yana riƙe da wani ɗan ƙarfe mai haƙora. Idan matuƙi ya danna maɓalli sau ɗaya ya riƙe, jela ta karkata dama har iyaka, idan ya danna sau biyu ta karkata hagu har iyaka, babu tsaka-tsaki, kuma idan murɗin robar ya ƙare jirgi na sama, to, sai kallo da addu'a. Da taransista ta maye gurbin kwalaben rediyo masu cin batir, sai a shekarun 1960 aka sami akwatin da ke da sanduna biyu, wanda gwargwadon yadda ka tura sanda da yatsa gwargwadon yadda fiffike ko jela za su motsa, kaɗan da kaɗan, da yawa da yawa. Daga nan ne tuƙin ƙaramin jirgi ya zama tuƙi na sosai, kamfanoni irin su Kraft a Amurka da Futaba a Jafan suka yawaita kayan, farashi ya sauko.

Mas'ala ta biyu, wadda ta fi ta farko tsauri, ita ce ta wuta. Tun 1930 Frank Whittle ya yi rajistar fasalin injin jet a Ingila, kuma ranar 27 ga Agusta 1939 jirgin Heinkel mai injin Hans von Ohain ya tashi a Jamus, kwana kaɗan kafin yaƙin duniya na biyu ya ɓarke. Da yaƙi ya ƙare, jiragen jet suka cika mujallu, sai sha'awarsu ta kama masu ƙananan jirage, kowa na son nasa ya yi kama da su, siffa da murya. Abin da suka fara samu shi ne wani bututun ƙarfe mai tofar da wuta bugu-bugu, irin wanda Jamus ta ɗora wa bama-baman V-1 da ta riƙa jefa wa Landan daga watan Yuni na 1944, aka ƙanƙanta shi aka sayar da sunan Dyna-Jet. Bututun nan yana da gudu, amma yakan yi ja wur don zafi, ƙararsa na hana unguwa sakat, kuma ba a rage masa wuta, ko dai yana ci gaba ɗaya ko ya mutu. Don haka galibi da siraran wayoyi biyu ake riƙe jirginsa, matuƙi na tsakiya yana juyawa, jirgi na kewaya shi. A shekarun 1970 da 1980 kuma aka koma ga wata dabara, aka ɓoye injin fistin da 'yar farfela mai fukafukai da yawa a cikin cikin jirgi, yadda daga waje ba a ganin kome sai siffar jet. Bob Violett na jihar Florida ya yi suna ƙwarai a wannan fanni, jiragensa kuwa sun yi kyau sun yi gudu, illa dai duk mai kunne ya san kukan fistin yake ji.

Dalilin da ya sa injin jet na gaskiya ya ƙi ƙanƙancewa ya cancanci bayani. Aikinsa kamar na zugazugin maƙeri ne da aka haɗa da wutar da yake hurawa: wata ƙafa mai fukafukai a gaba tana zuƙo iska ta matse ta, a tsakiya a zuba mai a kunna, iskar da ta yi zafi ta kumbura ta fita ta baya da ƙarfi, a hanyarta ta fita kuma ta juya wata ƙafa ta biyu wadda sanda ɗaya ta haɗa ta da ta gaba, don haka wutar da kanta ke juya abin da ke hura ta. To, matsa iska yana bukatar bakin ƙafar ya yi gudu mai tsanani, kuma gwargwadon ƙanƙantar ƙafa gwargwadon yawan juyin da za ta yi kafin bakinta ya kai wannan gudu, har ya zama ƙaramin inji sai ya juya fiye da sau 100,000 a minti guda. Ɗan ratar da ke tsakanin fiffike da bango, wadda ba ta da wani tasiri a babban inji, a ƙarami ta nan ƙarfi ke zurarewa. Ɗakin ƙonewa kuma gajere ne, mai bai gama ci ba iska ta fitar da shi. Ga zafin da ke kai digiri 600 ko 700 kusa da ƙwallayen da sanda ke juyawa a kansu. Mutane da yawa masu ilimin abin sun ɗauka wahalar ta fi amfanin.

A 1983 Gerry Jackman da abokan aikinsa suka tashi ƙaramin jirgi da injin jet na haƙiƙa a filin Greenham Common a Ingila, suka kafa hujja cewa abin mai yiwuwa ne, sai dai injinsu aikin ƙwararru ne da ba kowa zai iya maimaitawa ba. Wanda ya buɗe ƙofa ga jama'a shi ne Kurt Schreckling, wani Bajamushe ma'aikacin fasaha, mai sha'awar nazarin taurari, wanda a ƙarshen shekarun 1980 ya sake duba mas'alar daga tushe. Maimakon ya kwaikwayi babban inji gaɓa da gaɓa, sai ya tambayi kansa mene ne mafi ƙarancin abin da zai sa wuta ta riƙe kanta, ya yarda da matsin iska kaɗan da ƙarfi kaɗan, muddin inji zai tashi ya zauna. Ƙafar gaba ya sassaƙa ta da siraran katakai da aka manne rufi-rufi, ya naɗe ta da zaren kabon don kada juyi ya tarwatsa ta; ƙafar baya ya yanke ta daga farantin ƙarfe mai jure zafi, ya lanƙwasa fukafukanta ɗaya bayan ɗaya; gangar jikin injin kuwa gwangwanin gas ne irin na masu dafa abinci a zango. Ƙarfin turawarsa bai wuce na kilo biyu da wani abu ba, amma ya ɗauki jirgi.

Abin da ya yi bayan haka shi ne, a ganina, mafi girman aikinsa. A 1992 ya wallafa littafi da Jamusanci, ya zayyana fasalin injin duka, awo da lissafi da wuraren da ya sha wahala, aka fassara shi da Ingilishi, ya zama matanin da duk mai neman wannan fanni ke farawa da shi. Ilimi ya fita zakka, sai ya yi albarka. Thomas Kamps, shi ma Bajamushe, ya nuna cewa ƙafar turbo ta injin mota, wadda masana'antu suka riga suka ƙera da kyau, ta fi ta katako matsa iska, ya rubuta nasa littafin. Sa'an nan Schreckling ya haɗa kai da Jesús Artés na ƙasar Sifen suka fitar da KJ-66, wanda faɗin ƙafarsa milimita 66 ne, ƙarfinsa kuma ya ninka na farko sau uku ko fiye, kuma injunan kasuwa da yawa da suka biyo baya silsilarsu tana komawa gare shi. A Faransa kamfanin JPX ya riga ya fara sayar da inji mai shan gas tun farkon shekarun 1990, daga baya JetCat a Jamus da AMT a Holan da wasunsu suka shigo. A 1995 aka yi gasar duniya ta farko ta waɗannan jirage a Neu-Ulm, inda alƙalai kan fara gwada ƙaramin jirgi da hotunan babban da aka kwaikwaya, rubutu da fenti da ƙusoshi, kafin su dubi tashinsa.

Tayar da inji a farkon zamanin nan aikin mutum biyu ko uku ne. Ɗaya ya hura iska a bakin injin da na'urar hurawa har ƙafa ta ɗauki juyi, ɗaya ya buɗe gas a kunna, a saurara har murya ta canza, sa'an nan a saki mai a hankali ana duban ma'aunin zafi, na uku kuwa yana tsaye da tukunyar kashe gobara, domin idan mai ya taru a ciki kafin wuta ta kama, harshenta kan fito ta baya ya lashe jelar jirgin da aka yi wata da watanni ana gini. Yau wata 'yar kwamfuta ce a cikin jirgi ke yin wannan duka, tana auna juyi da zafi, tana kashe inji da kanta in ta ga alamar haɗari. Haka kuma tsohuwar fitinar rediyo ta kau: da can idan mutum biyu suka kunna akwati a zango ɗaya jirgin da ke sama yakan faɗo, shi ya sa kowane fili ke da allo da 'yan maƙalai, ba mai kunnawa sai maƙalin zangonsa na hannunsa, daga tsakiyar shekarun 2000 sababbin rediyo suka zo waɗanda kowane akwati ke gane jirginsa shi kaɗai.

Gudu kuwa ya kai inda ido ke gazawa. Ranar 23 ga Agusta 2017, a filin jirgin Rothenburg a Jamus, Niels Herbrich ya kai jirginsa kilomita 749 a sa'a, watau fiye da mita 200 a kowace daƙiƙa, aka shigar da shi kundin Guinness. Irin wannan gudu na gwaji ne a fili killatacce. Ƙungiyar AMA ta ƙayyade wa membobinta mil 200 a sa'a, kuma ba ta barin mutum ya tashi jirgin jet sai ya sami ijaza ta musamman, bayan ya nuna iyawarsa gaban shaidu biyu daga cikin ƙwararru. Na ga hikimar wannan sharaɗi, domin abu mai nauyin kilo goma ko ashirin, cike da kananzir, amana ce a hannun mai riƙe da shi. Duk da haka, da jirage marasa matuƙa masu farfela huɗu suka cika kasuwa, kowa na saya ba tare da malami ba, hukumomi suka tsananta wa kowa da kowa: Amurka ta wajabta rajista daga Disamba 2015, Ingila ta bi sahu a 2019, bayan rahotannin ganin irin waɗannan na'urori sun sa an rufe filin jirgin Gatwick a Disamba 2018, tsofaffin ƙungiyoyi kuma suka shiga neman rangwame ga filayensu bisa hujjar daɗewar da suka yi suna kiyaye doka.

Akwai wani canji da ya fi doka damuna. Mafi yawan masu tashin jet a yau saye suke yi, inji a kwali, jirgi a kwali da fentinsa, abin da ya rage sai ɗaurawa, kuma tsadarsa ta sa fagen ya karkata ga masu hali. Ba na zarginsu, tuƙin kansa fanni ne mai wuya. Amma masu ƙira sun ragu, su ne kuwa tushen abin. Waɗanda suka saura suna da ƙungiyarsu a Ingila, GTBA, mai membobi a ƙasashe da dama, inda ake musayar zane da awo, sabon shiga ya kawo tambaya a kan ɗakin ƙonewa ko daidaita nauyin ƙafa, waɗanda suka riga shi su ba shi amsa, kuma har yanzu KJ-66 na cikin injunan da akan shawarci almajiri ya fara gwada hannunsa a kansu.