Daga Shamuwa Zuwa Tekun Atlantika: Tarihin Duban Damina a Ƙasar Jega

Tun kaka da kakanni, manomin Jega ko na Maiyama ba ya shuka da ka. Sai ya ga shamuwa ta sauka tana tsintar kara don gina sheƙa, iska kuma ta juya ta fara busowa daga kudu maso yamma da ɗan sanyin danshi. Daga nan ya nufi zauren malam, domin malamai ke riƙe da lissafin taurari 28 na shekara, kowane tauraro da kimanin kwana 13. Ya tambaya: "Allah gafarta malam, Zira'a ta shiga kuwa?" Amsar ce za ta sa ya fito da iri ko ya ƙara haƙuri.

A bakin Gulbin Zamfara kuwa, Sarkawa masunta ne masu ido. Idan ruwa ya yi ja ya fara ɗebo kumfa da tarkacen itace, sun san an tafka ruwa can sama, mai shinkafa a fadama ya shiga shiri.

Ilimi ne na gaske, ba camfi ba, sai dai iyakarsa inda ido ya kai. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1984 sun nuna haka: shamuwa ta zo, an yi shuka, hadari ya ƙi haɗuwa. A 1974 aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai don bin diddigin ruwan sama da amfanin gona a ƙasashen Sahel. A 1986 wasu masu bincike a Ingila suka nuna cewa yawan ruwan yankinmu yana tafiya da zafi ko sanyin saman teku. Ashe danshin da ke zama hadari a kan gonakin Aliero daga Tekun Atlantika iskar damina ke ɗauko shi, wurin da yawancin masu noman albasa ba su taɓa gani ba.

Don haka a 1997 Faransa da Brazil da Amurka suka fara shirin PIRATA. Suka ɗaure na'urori a tsakiyar teku, suna auna zafin ruwa da gishirinsa da ƙarfin iska, suna aika sakamako ta tauraron ɗan Adam. Irin waɗannan alƙaluma suna cikin abin da masu hasashen damina ke dogara da shi. Hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, wadda aka kafa a 2003, tana fitar da nata hasashen a farkon kowace shekara, ita kuma hukumar kula da al'amuran ruwa, NIHSA, tun 2013 take bayyana ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa.

Duk da haka, a daminar 2020 ruwa ya cinye shinkafar fadamun Kebbi, har da na Jega da Maiyama, manoma da yawa kuma bashi suka ci suka yi noman. Hasashen da aka karanta da Turanci a wani zauren taro na Abuja ba zai tsinana wa mai fartanya komai ba idan bai iso kunnensa ba. Ya kamata gwamnatin jiha da jami'ar da ke Aliero su riƙa mayar da shi Hausa, a sa a rediyo, hakimai da limamai su sanar da jama'a tun kafin a zuba iri.