Ruwan Kwara da Iskar Gas: Tarihin Wutar Lantarki a Ƙasar Yauri

A zamanin da, in dare ya yi a ƙasar Yauri, sai a kunna aci-balbal da man gyaɗa ko man kaɗe, daga baya fitilar ƙwai ta shigo. Yanzu kuwa ga igiyoyin lantarki sun ratsa ƙasar, kuma mutane da yawa suna tsammani wutar duk daga Kainji take, tun da ga tafkin nan a bakin ƙofa. Amma al'amarin ba haka yake ba.

Asalin abin shi ne, wajen lokacin samun mulkin kai, hukuma ta ga gawayin Inugu da injunan man dizal ba za su ishi ƙasa ba, sai ta bi hanya biyu. A cikin 1956 aka sami man fetur a Oloibiri, can Kudu. To, a rijiyar mai akwai wata iska mai kama wuta da ke fitowa, ita ce ake kira gas. A farkon shekarun 1960 aka kafa tasha a Afam, kusa da Fatakwal, wadda ke ƙona wannan iska, zafinta ya juya farfela, farfela ta juya injin da ke ba da wuta. A 1966 aka kafa wata a Ughelli.

Hanya ta biyu ita ce ta faɗo kan Yauri. A 1964 Firayim Minista, Sir Abubakar Tafawa Balewa, ya aza harsashin madatsar Kainji. Aka gama datse Kwara a 1968, zamanin Sarkin Yauri Muhammadu Tukur, aka buɗe tashar a 1969. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon mil 85 ko kusa da haka. Ya ci tsohon garin Busa, ya haɗiye gungunan da Gungawa ke noman albasa a kai tun kaka da kakanni, ya shafe fadamun bakin kogi a Ngaski, har ya taɓa wani sashi na Yelwa. Mutum wajen 44,000 aka tasa daga mazauninsu. Hukuma ta gina musu sababbin gidaje, gaskiya ne, amma gida daban, gonar gado daban. Wannan shi ne kuɗin da talakawan Yauri da Bargu suka biya, tun ba a kawo musu takardar kuɗin wuta ba.

Da aka ƙare kafa injuna takwas, ƙarfin Kainji ya kai megawat 760 (megawat shi ne mudun awon lantarki). Shekara da shekaru ita ce uwa, sauran tashoshi 'ya'ya. Sai dai ruwa ba ya bin umurnin kowa. Kwara tana cika sau biyu a shekara: da farin ruwa na damina, sa'an nan da baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga duwatsun Gini, ba ya isowa sai da sanyi. Da bazara kuwa tafki sai ya janye, daidai lokacin da zafi ya tsananta, kowa yana neman fanka. Ga shi kuma wuta ba ta ajiyuwa a rumbu kamar hatsi. Yadda aka yi ta, haka ake shanye ta nan take.

Nan ne amfanin gas ya fito, domin ba ruwansa da rani ko damina. A tsakiyar shekarun 1980 aka buɗe tashar Egbin kusa da Ikko, mai injuna shida, ƙarfinta megawat 1,320, watau ta kusa ninka Kainji. A can gas ke tafasa ruwa, tururi ya juya farfela. A 2007 aka ƙara ta Geregu kusa da Ajaokuta. Ko da yake an datse Kwara a Jebba, an datse Kaduna a Shiroro, yau abin da ya kai kashi uku cikin huɗu na wutar Nijeriya daga gas yake.

Dukan tashoshin nan a kan igiya ɗaya suke zuba wutarsu, kamar rafuka masu shiga kogi guda, ba mai iya rarrabe ruwan wannan da na wancan. Saboda haka in aka fasa bututu a Kudu, ko masu gas suka rufe domin ba a biya su bashi ba, sai rabon kowace jiha ya ragu, mai niƙa a Yelwa da mai sayar da ƙanƙara ga Sarkawa masunta su koma ga janareto, alhali kuwa tafki yana cike a gabansu. Haka kuma babbar igiyar da ta tashi daga Kainji zuwa Birnin Kebbi, daga can wata ta zarce har Yamai ta ƙasar Nijar tun 1976.

A 2020 aka fara shimfiɗa bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kano, ta Abuja da Kaduna, tsawonsa kilomita 614, da niyyar Arewa ta sami tashoshinta. Hanyarsa ba ta biyo ta Jihar Kebbi ba.