Yadda Alkindi Ya Tona Asirin Rubutun Ɓoye

Malamin da ke koya wa yara rubutun ɓoye yakan fara da dabarar Yuliyas Kaisar na Rum, wanda ke musanya kowane harafin Latin da na uku a gabansa: A ya koma D. An daɗe ana ɗora asirin yaƙi a kan irin wannan musaya. A ƙarni na 9, a Bagadaza, masani Alkindi ya gano lagonta. Ya lura alifi da lam sun fi sauran haruffan Larabci yawan fitowa, saboda haka alamar da ta fi maimaituwa cikin wasiƙa, galibi ɗayansu ce ta sake kama. Ƙidaya ce kawai, da haƙuri. Yaron da ya jarraba wannan da Hausar boko zai tarar harafin "a" ne ke fara fallasa kansa.